Kankana da kuɓewa a ƙasar Amurka

Ɗan uwa mai karatu, ko ka san waken da kake shukawa tsakanin hatsi ya daɗe da ƙetare teku? Ga yadda aka yi.

Tun shekara ta 1619 aka fara kai mutanen Afirka yankin Birjiniya, cikin ƙasar da ake kira Amurka yau, ana sa su bauta. Tare da su iri ya ƙetare: wake, kuɓewa, riɗi. Waɗansu bayin gwanayen noman shinkafa ne, da saninsu aka yi manyan gonakin yankin Karolina. Mata suka ci gaba da girki irin na gida. Har yanzu jikokinsu suna dafa shinkafa da wake ranar sabuwar shekara, suna yin wata miyar kuɓewa mai suna gumbo. Wannan shi ne abincinsu na gado.

Da aka hana bauta a 1865, masu sabon ƴanci suka shiga neman na kansu. Waɗansu suka noma kankana suna saidawa. A garin Godonsbil mata suka riƙa soya kaji, su ɗauko bisa kai su kai tashar jirgin ƙasa, kamar masu talla a tashar mota. Abin ya ɓata wa tsoffin iyayengiji rai. Sai aka shiga buga hotuna da waƙoƙin zambo: ga baƙin mutum da ƙaton baki ya rungume kankana, wai rago ne, makwaɗaici, mai hankalin yara. Alhali kuwa fari da baƙi duka suna shan ta. Gumin mutane aka maida abin gori. Har yau akwai baƙaƙen Amurka da ke jin nauyin shan kankana gaban jama'a.

To, yaya za ka rarrabe? Abincin gado yana da tarihi. Masu shi ke dafa shi, su ba baƙo da farin ciki. Zambo kuwa daga waje yake zuwa: a ɗauki abinci guda a liƙa wa al'umma ɗungum don a ƙasƙanta ta. Ya bambanta da wasan taubasai, inda Bagobiri da Bazabarme kowa ke ramawa, a yi dariya tare.

In ka ji an ce su wane ba su san komi ba sai cin abu kaza, tambayi kanka: wa ya faɗa, mi yake nema? Sannan ka je gidansu ka ci tuwonsu.