Kwandalolin da Masu Shago Suka Buga

A ƙarshen Disamba 1861, yaƙin basasar Amurka bai cika shekara ba, bankunan New York suka daina biyan mutane da zinariya. Tsoro ya shiga. Kowa ya ɓoye zinariyarsa, azurfa ta bi sahu, kafin 1862 ta ƙare har sent ɗin sayen jarida ya yi ɓatan dabo. Duk wanda aka taɓa miƙa wa alewa a madadin canji ya san wannan ƙunci. Mutane sun gwada biya da kan sarki, amma takarda mai danƙo ba ta jure gumin hannu.

Sai masu shago suka nufi masu sassaƙa hatimi, musamman a New York da Cincinnati, aka riƙa buga musu kwandalolin jan ƙarfe daidai girman sent ɗin gwamnati. An ƙiyasta sun kai miliyan 25, akasarinsu na 1863. Wasu na ɗauke da tuta ko kirarin kishin ƙasa, wasu ma an rubuta a jikinsu cewa ba sent ba ne, don gudun tuhumar jabu. Ni dai waɗanda suka fi shiga raina su ne masu sunan mai shago da adireshinsa: mahauci, mai gidan burodi, mai sayar da magani, mai ɗinkin takalma. Littattafan yaƙin sun cika da sunayen janar-janar. Mahaucin da ke wani lungu a Ohio kuwa, sau da yawa wannan ɗan ƙarfen ne kaɗai zai sa a ambaci sunansa yau.

Ba duka ne suka riƙe amana ba. Gustavus Lindenmueller, mai mashaya a New York, ya fitar da kusan miliyan guda. Kamfanin taragon dawakai na titin Third Avenue ya karɓe su da yawa a kuɗin hawa, da ya kai masa domin ya fanshe su, sai ya ƙi, kuma babu dokar da za ta tilasta shi. A Afrilun 1864 majalisar dokokin Amurka ta amince da sabon sent na tagulla da kwandalar sent biyu, a watan Yuni kuma ta haramta wa kowa buga kuɗin kansa.

Masu tara su a yau suna dogara ne da kundin George Fuld da mahaifinsa Melvin, waɗanda suka jera su gari-gari, suka auna ƙarancin kowace daga mataki na 1 zuwa na 10. Na 10 yana nufin guda ɗaya tak aka sani. Yawancin masu saye suna neman wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba, mai sheƙi. Ni na fi son wadda ta suɗe har rubutunta ya fara dushewa, domin ita ce ta sayi burodi a 1863.