Daga lamba zuwa murya: ɗan tarihin DAC da gardamar ɗakinmu

Kaset guda ce ta jefa ni cikin wannan sha'ani. Kawuna ya ɗauki muryar kakarmu tana tatsuniya a Maraɗi tun ban zo duniya ba, kuma da na shiga sashen ilimin harsuna a Yamai sai na ce da ita zan yi bincikena kan karin sauti. Na juye ta cikin kwamfuta kafin zaren ya ida lalacewa. Amma duk sanda na sa abin kunne sai wani "ziiii" ya dinga bin muryar tsohuwa, balle in an jona sharja. Abokin ɗakina, mai karatun lantarki, ya ce laifin DAC ɗin kwamfutar ne. Na ce mi ne ne kuma DAC? Bai ba ni amsar kirki ba, ƙarfen liƙi da dalma ya miƙo mini. Tarihin da zan ba ku, ƴan uwa, ni na bi sawunsa daga baya.

DAC, wadda masu faransanci ke kira CNA, ƴar ƙwaya ce da ke karɓar lambobi ta maida su ƙarfin lantarki mai hawa da sauka, wanda lasifika ke kaɗawa har kunne ya ji. Tana cikin kowace salula. Waƙar da ke kan kart memwar ɗinka lambobi ne zalla, ba za ta zama murya ba sai ta bi ta wannan ƙofa.

Tunanin ya girmi kayan aikinsa. A 1937 wani injiniya ɗan Ingila, Alec Reeves, yana aiki a birnin Paris, ya ce maimakon a tura murya ta waya yadda take, tana kwasar hayaniya a hanya, a dinga auna ta a kai a kai ana tura sakamakon awon. Lamba ba ta shaƙewa. Ya yi wa dabarar rajista a 1938, sai dai fitilun rediyo na wancan zamani sun yi girma da tsada, dole ta jira zuwan tiransisto. Sau nawa za a auna? Aikin Harry Nyquist na 1928 da na Claude Shannon na 1949 suka ba da amsa: a auna fiye da ninki biyu na kaɗawa mafi sauri da ke cikin sautin. Kunnen yaro lafiyayye yana kai wa kaɗawa 20.000 a daƙiƙa, don haka ana bukatar awo sama da 40.000.

To mi ya sa faifan CD ya tsaya kan 44.100, lamba marar kan gado haka? Wannan ya ba ni dariya. A ƙarshen shekarun 1970 hanya mafi araha ta ɗaukar lambobi masu yawan nan ita ce kaset ɗin bidiyo. Sai aka dinga ɓoye sauti cikin layukan hoto: awo 3 a kowane layi, layi 294, sau 50 a daƙiƙa. Ku buga lissafin. A tsarin talabijin na Amurka da Japan kuwa layi 245 ne sau 60, kuma amsar ita ce dai. Ke nan talabijin ne ya yanka wa kunnenmu ma'auni.

Inda labarin ya fi daɗi shi ne tsakanin Philips na Holand da Sony na Japan, da suka haɗa kai kan CD. Philips, wanda shi ya fito da kaset a 1963, ya riga ya shirya ƙwayarsa TDA1540 mai bit 14, wato matakala 16.384 tsakanin shiru da ƙara. Sony ya kafe sai bit 16, matakala 65.536, kuma shi ya yi rinjaye. Sony ya fitar da CDP-101 a Oktoban 1982. Philips bai da ƙwaya mai 16 a hannu, kuma lokaci ya ƙure. Sai injiniyoyinsa suka yi dabarar mai ƙaramin mudu: in mudunka bai kai ba, ka auna sau da yawa. Suka sa rariya ta lissafi a gaban ƙwayar, ta ninka awon sau huɗu zuwa 176.400, ta tura kurakuran can sama inda kunne ba ya ji. Abin da aka yi don rufin asiri shi ya zama hanyar kowa. A tsakiyar shekarun 1980 Philips ya fito da TDA1541 mai bit 16, kuma waɗanda suka fi kyau a gwaji ana buga musu tambarin kambi. Har yau masu sha'awa suna farautarsu cikin tsofaffin na'urori, kuma jabu masu kambin ƙarya sun cika kasuwa.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 aka kai dabarar maƙura. Aka ɗauko tsarin delta-sigma, wanda masu bincike a jami'ar Tokyo suka bayyana tun 1962: matakala kaɗan ƙwarai, har ma bit guda, amma da gudun miliyoyi a daƙiƙa. Ya fi sauƙin ƙerawa, ya fi araha, shi ke cikin salularka yanzu.

Sai masu tawaye suka taso. A 1996 wani ɗan Japan, Ryohei Kusunoki, ya rubuta a mujallar MJ cewa a cire rariyar lissafin gaba ɗaya, a bar tsohuwar ƙwaya ta yi magana da bakinta. Ma'auni bai goyi bayansa ba, don sautin sama yana raguwa da wajen desibel 3 in an kusa 20.000, ga tarkace can sama da ba a tace ba. Amma mutane da yawa suka ce kunnensu ya fi son haka. Abin da ya fi jan mutane, a ganina, shi ne sauƙi: TDA1543 ƙafa takwas gare ta, volt 5 take ci, rezistans kaɗan da kondansater sun isa. Wanda bai taɓa liƙi ba ma zai iya. Da Raspberry Pi ta zo a 2012 da hanyar I2S, wadda ita ma Philips ya tsara a 1986, sai gina allon DAC a ɗaki ya zama wasan ɗalibai.

Mu ma biyu muka haɗa. Ɗaya TDA1543 ba rariya, wadda wani tsohon mai gyaran rediyo ya ciro mana daga mataccen CD. Da na ce masa, "Baba, nawa?" sai ya ce in dai na sa ta ta yi magana in kawo ya ji. Ɗayan allon PCM5102A ne na Texas Instruments, delta-sigma, wanda aka taho mana da shi daga Kano, ya cinye mini kuɗin abincin sati. Na ƙona yatsa sau biyu, na juya kondansater ya fashe, kuran ya ɗauke ina tsakiyar liƙi.

Daren farko na rantse sabon ya fi, muryar ta fito tangaran. Abokina ya rantse tsohuwar ta fi "ɗumi". A matsayina na ɗalibin harshe wannan kalma ta dame ni: ɗumi na ruwa ne da jiki, mi ya kai shi kunne? Masu wannan sha'awa duka haka suke magana, sauti mai ɗumi, mai kauri, busasshe, aro daga fata da harshe, kuma ba ka da tabbas mutum biyu abu ɗaya suke nufi. Sai muka sa sautin gwaji na 1.000, muka auna da mita. Ashe sabon yana ba da wajen volt 2, tsohuwar ba ta kai rabi ba. Ƙara na ji na kira ta kyau. Muka daidaita ƙarfin, aka rataya zane tsakanina da allunan, shi yana sauya waya ni ina faɗi. Cikin 20 na dace 11. Da kwabo na jefa ma haka zan samu. Shi ya ɗan fi ni a kan waƙa mai ƙarar ƙarfe, amma a kan kaset ɗin kaka shi ma canki-canki ya yi, ko da yake har gobe bai yarda ba.

"Ziiii" ɗin ya tafi a alluna biyun, don dama daga sharja yake shiga, ba daga lissafi ba. Kuma karin sautin da nake nema, abin da ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya, yana ƙasa can, kaɗawa ɗari zuwa ɗari uku, inda kowace DAC ta shekara arba'in da suka wuce ke aiki ba gardama.

Matsalar gaskiya sai a Praat na gan ta, manhajar da Paul Boersma da David Weenink suka rubuta a Amsterdam. Layin muryar kaka yana rawa ko a wasalin da ya kamata ya miƙe. Ya kamata zaren kaset ya yi tafiyar santimita 4,76 a daƙiƙa ba canji, amma robar rediyon da na juye da shi ta saki, injin yana jan zaren yana sassautawa. Wata faɗuwar murya da na rubuta shafi biyu a kanta, har na ce wataƙila siffar Hausar tsofaffin Katsinar Maraɗi ce, ta roba ce. Na yage shafukan.

Hutu mai zuwa zan koma wurin Baba mai rediyo da allon a aljihu, ya ji alkawarinsa, ya sa mini sabuwar roba. Zaren ya riga ya tsinke sau ɗaya kusa da tatsuniyar Gizo, na liƙe shi da salatif, kuma ban san sau nawa zai ƙara yarda a juya shi ba.