Tarihin Biɗar Ma'adinai da Haƙƙin Rami a Ƙasar Adar

1. Gabatarwa

Adar ba ƙasar zinariya ba ce. Duwatsunta, daga Tawa zuwa Keita, shimfiɗu ne da tsohon teku ya bari, shi ya sa ake tsintar ƙwaryar dabbobin ruwa a kan tsaunukanta. Abin da ke cikinsu shi ne tama, da farar ƙasa, da fosfat, da gawayin ƙasa. Zinariya kuwa tana cikin tsofaffin duwatsu irin na Liptako, da Ayar, da kudancin Maradi. Duk da haka Adarawa suna cikin waɗanda suka sha wuyar haƙarta. Tambayar da ta ratsa wannan tarihi ɗaya ce: wa ke da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma da wace shaida?

2. Zamanin maƙera

Kafin zuwan Nasara, ma'adinin da Adar ta sani shi ne tama, masu biɗarta kuwa maƙera ne. Su ke gane dutsen da ke ɗauke da ƙarfe, su haƙo shi da rani, su narke shi. Ba a shata fili, ba a rubuta takarda. Haƙƙin yana bin gado, ƙarƙashin Sarkin Maƙera, tare da girmama Azna masu ƙasa, waɗanda kakanninsu suka fara zama wurin. Nicole Echard, wadda ta yi bincike a Adar cikin shekarun 1960, ta tarar da sana'ar narke tama tana gab da mutuwa, domin ƙarfen tsofaffin motoci ya fi arha. A wannan tsari shaidar mutum ita ce asalinsa, ma'ajiyar haƙƙi kuwa bakin dattawa.

3. Zamanin takarda

Faransawa sun zauna Tawa a farkon ƙarni na 20, suka zo da wata ƙa'ida baƙuwa: gona dabam, abin da ke ƙarƙashinta dabam. Manomi yana da sama, hukuma ke ba da iznin ƙasa. Bayan samun mulkin kai a 1960, Nijar ta riƙe wannan ƙa'ida. Izni ya kasu hawa uku: na dubawa, na bincike a cikin fili mai iyaka, sa'an nan na haƙa.

Masanin duwatsu Jacques Greigert ya wallafa bayanin shimfiɗun wannan yanki a 1966, shekarar da gidan siminti na Malbaza, a kudancin Adar, ya fara aiki. A 1976 aka kafa hukumar ma'adinai ta ƙasa, ONAREM. Cikin waɗannan shekaru aka haƙi fosfat a arewacin Tawa, ana niƙa shi a birnin don takin gona, har aikin ya tsaya cikin shekarun 1980. Daga baya aka tabbatar da gawayin ƙasa a Salkadamna, kusa da Takanamat. Hanyar kwalta ta Tawa zuwa Arlit, wadda aka yi saboda uraniyom, ta ratsa arewacin Adar ta Abalak. A duk wannan, Ba'adare ɗan ƙodago ne, ba mai takarda ba.

4. Zamanin zinariya

Adarawa sun daɗe da tafiya biɗa idan aka gama girbi. Yunwar 1984 ta zo daidai da buɗewar ramukan Koma Bangu a Liptako, talakawa suka yi can da diga da shebur. Dokar ma'adinai ta 1993 ta amince da haƙar hannu, ta ware mata izni na kanta. A 2004 mahaƙar Samira ta fara fitar da zinariya da injuna.

Babban juyi ya zo a 2014, sa'ad da aka gano zinariya a Jado, sa'an nan a Cibarakatan, kusa da iyakar Aljeriya. Na'urar gano ƙarfe ta maye gurbin idon maƙeri, hanyar uraniyom ta zama hanyar samarin Adar zuwa Agadas. A waɗannan wurare wani tsari ya taso wanda ba na gado ba ne, ba kuma na ofis ba: wanda ya riga sara shi ne mai rami, mai kuɗi ya ɗauki nauyin ruwa da abinci, ƴan aiki su shiga ƙasa, a raba abin da aka samu bisa alkawarin baki. Da gwamnati ta rufe Jado a 2017, wannan haƙƙi ya watse kamar ba a yi shi ba, domin ba shi da tushe a takarda. A watan Nuwamba na 2021 rami ya rufta a ƙasar Ɗan Isa, jihar Maradi, mutum 18 aƙalla suka halaka. An yi sabuwar dokar ma'adinai a 2022.

5. Kammalawa

Shaida ta tashi daga asali ta koma takarda, takardar kuwa da Faransanci aka rubuta ta. Mai haƙa da hannu ya tsaya tsakani: gado bai kāre shi ba, doka ba ta cikin harshensa. Aiki biyu ke gaban masu bincike da masu tsara yaƙi da jahilci. Na farko, a tattara kalmomin maƙera da na ƴan rami tun masu su suna raye, a daidaita sunayen izni iri-iri da Hausa. Na biyu, a sa karatun takardar izni, da rubuta yarjejeniyar rabo, da lissafin awo cikin littattafan manya. Wanda ya iya rubuta rabonsa kafin ya shiga rami ya rage wa magadansa shari'a.