Mariƙin fayil

Mariƙin fayil shi ne abin da shirin kwamfuta ke riƙewa domin karanta fayil ko rubutu a cikinsa bayan an buɗe shi. A tsarin Unix, asalinsa 'yar lamba ce kawai: 0 ta shigar bayani, 1 ta fitarsa, 2 ta saƙon kuskure. Sauran fayilolin da aka buɗe sukan samu lambobi na gaba.

Harsunan rubuta shiri sun yi wa wannan lamba sutura. A Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, umarnin open yana dawo da abu mai ayyukansa na kansa, kamar read da write da close. Yana kuma tuna inda karatu ya tsaya, sai ka ce mai sa tsinke a tsakiyar littafi. Perl na Larry Wall ya daɗe yana amfani da sunaye tsirara irin STDIN, sai a sigar 5.6 ta shekarar 2000 open ya fara ajiye mariƙi kai tsaye a cikin ma'ajiyar ƙima.

Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne wajen rufewa. Abin da aka rubuta yakan dakata a ƙwaƙwalwar wucin gadi kafin ya sauka a faifai, don haka idan wuta ta ɗauke, ya tafi ke nan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gari irin Maiduguri, da ya shafe watanni babu wutar gwamnati a 2021 bayan an lalata turakun layin Damaturu. Don kauce wa mantawa da rufewa, kalmar with a Python takan rufe fayil da kanta da zarar aikin ya ƙare.