Jak ɗin mota: yadda yake aiki da ƙa'idojin amfani da shi a gida

Jak na'ura ce da ake ɗaga gefen mota da ita domin canza taya ko duba birki. Aikinsa ɗagawa ne na ɗan lokaci, ba a ƙera shi don ya riƙe mota alhali mutum na kwance a ƙarƙashinta ba. Ƙaramar mota irin Toyota Corolla ta haura kilo 1,000, kuma idan irin wannan nauyi ya sauka a ƙirjin mutum, yana hana shi numfashi cikin mintuna kaɗan ko da bai karya masa ƙashi ba.

Ire-iren jak

Iri uku ne aka fi sani. Na farko shi ne mai siffar almakashi, wanda ke zuwa tare da mota, ana murɗa shi da hannu. Gindinsa siriri ne, don haka canza taya kaɗai aka yi shi. Na biyu mai siffar kwalba ne, na uku kuma mai tayoyi da doguwar mariƙa, wanda ake gani a gareji. Waɗannan biyun da mai suke aiki, bisa ƙa'idar da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17, cewa matsin da aka yi wa ruwan da ke kulle yana bazuwa daidai ko'ina a cikinsa. Richard Dudgeon ne ya yi rajistar jak mai mai na tafi-da-gidanka a Amurka a 1851.

Raunin jak mai mai yana cikin robar da ke tsare man. Idan ta tsufa, mai yana zurarewa, motar ta riƙa sauka a hankali ko ta faɗo gaba ɗaya. Kowane jak yana ɗauke da rubutun iyakar nauyin da zai iya ɗagawa. Wanda ya sayi motar Kwatano ya kamata ya duba wannan rubutu, domin ba lallai ne jak ɗin da ke but ya zama nata na asali ba.

Kafin a ɗaga mota

A ajiye motar a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, kamar daɓen siminti. Yashi, ƙasar da ta sha ruwan damina da kwaltar da ta yi laushi a zafin bazara duk suna sa gindin jak ya nutse ya karkace. Idan babu zaɓi, a shimfiɗa katako mai faɗi da kauri a ƙarƙashinsa.

A kashe inji, a fitar da kowa daga ciki, a ja birkin hannu. Mota mai giyar hannu a sa ta a giya ta ɗaya ko ribas, mai otomatik kuma a kan P. A yawancin motoci tayoyin baya kaɗai birkin hannu ke riƙewa, shi ya sa waigi ya zama dole: a sa shi gaba da bayan tayar da ke kusurwar da ta saba da wadda za a ɗaga. Idan tayar dama ta baya za a cire, ta hagu ta gaba ake yi wa waigi.

Notuna ana sassauta su tun taya na ƙasa. Yin kokawa da noti mai tauri bayan an ɗaga mota yana iya ture ta daga kan jak.

Inda ake kafa jak

Kamfanonin ƙera motoci suna ƙarfafa wasu wurare musamman domin jak, galibi bayan tayar gaba da gaban tayar baya, a ƙasan ƙofa, kuma akan yi musu ɗan tsagi a matsayin alama. Littafin motar yana nuna su. Kafa jak a ƙarƙashin tankin mai, kaskon baƙin mai ko bamba yana lotsa wurin, ya kuma sa jak ya zame.

Idan za a shiga ƙarƙashi

Duk aikin da zai sa hannu, ƙafa ko kai su shiga ƙarƙashin mota, kamar juyen baƙin mai, yana buƙatar matokaran ƙarfe masu makulli, aƙalla biyu. Ana ɗaga motar da jak, a kafa su, a sauke nauyin a kansu, sannan a girgiza motar a tabbatar ta zauna daram. Bulon siminti da ake yawan jerawa a madadinsu yana da rami a ciki, kuma yana farfashewa nan take ba tare da wata alama ba. Tayar da aka cire a kwantar da ita a ƙarƙashin gefen motar, ta zama kariya ta biyu. Yara su nisanci wurin, amma a samu wani babba a kusa.

Bayan an mayar da taya, a ɗaura notuna da hannu, a sauke motar, sannan a matse su da sifana, kowane noti a bi shi da wanda ke fuskantarsa domin tayar ta zauna daidai.

A kan hanya da lokacin haɗari

Idan taya ta yi faci a kan titi, a kauce nesa da hannun da motoci ke bi, a kunna fitilun gargaɗi, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku da tazara a bayan motar. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar gaggawa 122, akwai kuma lambar ƙasa 112.

Idan mota ta danne mutum, kada a ja shi da ƙarfi. A nemi agaji, a ɗaga motar da wani jak, a tokare ta, sannan a zaro shi a hankali ba tare da lanƙwasa wuyansa ko bayansa ba. A kai shi asibiti ko da ya miƙe da ƙafarsa, domin zubar jini ta cikin jiki ba ta nunawa da wuri.