Muƙabalar Bachman da Codd a Kan Rumbun Bayanai

A cikin shekara ta 1974, a birnin Ann Arbor na ƙasar Amurka, aka yi muƙabala tsakanin masana biyu, Charles Bachman da Edgar Codd. Tushen jayayyarsu kuwa shi ne: idan an tara bayanai masu yawa cikin kwamfuta, wa ya kamata ya san inda kowane bayani yake ajiye, mutum ko na'ura?

Bachman ne ya riga shiga fagen. Tun farkon shekarun 1960, yana aiki a kamfanin General Electric, ya ƙago rumbun bayanai mai suna IDS, inda aka ɗaure kowane bayani da ɗan'uwansa tamkar sarƙa. Tilas mai nema ya bi sarƙar nan gaɓa-gaɓa har ya kai ga abin da yake biɗa. Tsarin yana da sauri, amma da zarar an sake wa bayanai jeri, sai umarnin da aka rubuta a baya ya tashi banza.

Shi kuwa Codd, Baturen Ingila ne, masanin lissafi a kamfanin IBM. A maƙalarsa ta 1970 ya kawo shawarar a shirya bayanai cikin jadawali mai layuka da ginshiƙai, mai tambaya ya faɗi abin da yake so kurum, na'ura ta nemo hanya da kanta. Watau kamar yadda babban sakatare kan ce a kawo masa fayilolin ma'aikatan da suka isa ritaya, ba ruwansa da kabad ɗin da suke ciki.

Magoya bayan Bachman suka ce wannan tsari zai yi wa kwamfuta nauyi, kuma bisa ga na'urorin wancan zamani ba su yi ƙarya ba. IBM ma bai yi gaggawa ba, domin yana cin riba da nasa rumbun, IMS, wanda ya soma aiki a 1968 don lissafa kayan kumbon Apollo. Sai ga ƙaramin kamfani ya fito da Oracle a 1979, shekara huɗu kafin IBM ya sanar da DB2.

Nisan hangen Codd ya ƙara bayyana sa'ad da aka fara rarraba rumbu ɗaya a kan kwamfutoci a garuruwa dabam-dabam. Tun da mai tambaya bai damu da mazaunin bayani ba, ana iya kai shi ko'ina. Sai dai fa an gamu da wata iyaka. A shekara ta 2000 Eric Brewer ya yi hasashen cewa in sadarwa ta yanke tsakanin kwamfutocin, tilas rumbu ya zaɓi ɗaya: ko ya ƙi amsawa, ko ya ba da amsar da wataƙila ta tsufa. Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar da haka ta hanyar lissafi a 2002.