Muryar da ke Fitowa daga Ƙauye: Rediyo da Ƴan Sa Kai a Ƙasar Dakoro

Wanda ya bar Maraɗi ya nufi arewa, bayan tafiyar kimanin kilomita 120 zai iske Dakoro, inda gonakin hatsi suke fara sirancewa, makiyaya suke karɓar ƙasa. Gaba kaɗan ga kwarin Tarka, ga Bermo, ga dajin Gadabeji. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, amma ruwan sama bai san doka ba: wata shekara ya tsallaka iyakar, wata shekara ya tsaya can nesa da ita. A irin wannan ƙasa, labari yana da daraja kusan kamar ta rijiya. Wanda ya ji da wuri cewa fara ta sauka, ko wutar daji ta tashi, ko hatsi ya yi tsada a kasuwar maƙwabta, yana iya tsirar da rumbunsa ko garkensa. Wanda labari ya iske a makare, sai dai ya yi ta'aziyya.

A wasu ƙasashen duniya akwai mutanen da ake kira masu rediyon sha'awa. Mutum ne zai nemi lasisi daga hukuma, ya kafa na'urar aikawa da karɓar magana a ɗakinsa, ya riƙa zantawa da ire-irensa a nesa, ba don kuɗi ba. Ƙungiyarsu ta duniya an kafa ta a birnin Paris tun 1925. Amfaninsu yakan bayyana ranar da wayoyi suka mutu. Haka aka gani a girgizar ƙasar Meziko a 1985, haka kuma a tsibiran Andaman na Indiya a watan Disamba na 2004, inda wata tawagar masu wannan sha'awa ta je don nishaɗi, igiyar teku ta rutsa da ita a can, na'urorinta suka koma hanyar isar da saƙon waɗanda bala'in ya shafa. Nijar ma tana da alamar kiranta a wannan fage, wato 5U, kamar yadda Najeriya take da 5N. Sai dai abin bai yi saiwa a karkararmu ba. Na'urar tana da tsada, tana son lantarki da lasisi, kuma tun zamanin Nasara aika magana ta iska aikin hukuma ne: kumandan da jandarma ke da ita, talaka nasa saurare.

To, ashe ba mu da namu ƴan sa kai na rediyo ke nan? Muna da su, kuma tarihinsu ya girmi yawancin masu karanta wannan shafi.

Gidan rediyon Nijar ya fara aiki a 1958. Shekara huɗu bayan haka, a 1962, zamanin shugaba Diori Hamani, aka kafa ƙungiyar kulob-kulob ɗin rediyo ta Nijar. Tunanin tara mutane su saurari shiri tare su tattauna a kansa ba sabo ba ne. Manoman Kanada sun fara shi a 1941, Indiya ta gwada shi a 1956. Abin da Nijar ta ƙara shi ne rakoda. Daga Yamai ake zaɓen batu, a aiko da tambayoyi a rubuce. Mai kula da kulob, wanda sau da yawa malamin lakwal ne ko ma'aikacin likita, kuma ba albashi yake karɓa a kan wannan aiki ba, sai ya rataya rakodarsa ya shiga gari, ya zauna da manomi da makiyayi da mai sana'a, ya ɗauki maganarsu. A mai da faifan Yamai, a tace, a haɗa da na sauran garuruwa, a watsa da Hausa da Zabarmanci. Ranar da za a saka shirin, jama'a su taru gindin akwatin rediyo guda, su ji muryar ɗan'uwansu tana fitowa daga ciki.

Ya kamata malaman yau su dakata a nan su yi tunani. Mutumin da ya yini yana koyar da yara Faransanci, shi ne da maraice yake durƙusawa gaban tsoho yana roƙonsa ya yi magana da Hausa don ƙasa ta ji. Akwatin da aka sani da zubo umarni daga sama, sai ga shi an buɗe masa ƙofar da magana take hawa daga ƙasa. A ganina wannan ƙofa ita ce ainihin abin da ake bukata ranar masifa, domin babban birni ba ya rasa bakin magana. Kunne yake rasawa.

An kuwa ga sakamakon rashin kunnen. Farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya kai ƙololuwa a 1973 da 1974, ya share dabbobin Fulani da Buzaye na arewacin Dakoro. Rakodar kulob ba a yi ta don gaggawa ba: kafin faifai ya je Yamai ya dawo, saniyar da ake magana a kanta ta daɗe da faɗuwa. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da gwamnatin Diori, kuma yunwa da yadda aka sarrafa abincin agaji suna cikin hujjojin da Seyni Kountché ya bayar. Bayan shekara goma aka sake shiga wata, wadda mutanen Maraɗi suka raɗa wa suna El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a 1984. Kakanninmu da suka sha Kakalaba a 1913 da 1914 ba su da rediyo ko kaɗan; jikokinsu suna da ita, amma yunwa ta riga saƙo isa. Sai a 1989 gwamnati ta kafa tsarin gargaɗin farko na ƙasa, don a riƙa tattara alamun ƙarancin abinci kafin abu ya ɓaci.

Sauyi na gaske ya zo da gidajen rediyon al'umma. Na farko da ya yi suna shi ne na Bankilare, can yammacin ƙasa, a 1999: ƙaramin gida mai aiki da hasken rana, wanda cibiyar nazarin yanayi ta ACMAD da ke Yamai ta taimaka aka haɗa shi da tauraron ɗan Adam don samun hasashen ruwa, aka kuma raba wa jama'a rediyoyin da ake wanawa da hannu, ba ruwansu da batir. Cikin shekaru kaɗan irin waɗannan gidaje suka haura ɗari a faɗin Nijar. Masu riƙe da su galibi ƴan gari ne, da yawansu aikin sa kai suke yi. Cigiyar raƙumin da ya ɓata, sanarwar rigakafi, kiran a fito kashe wutar daji, duk ta nan suke bi.

Duk da haka 2005 ta zo ta kunyata kowa. Fara ta sauka a 2004, damina ta yanke da wuri, farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabo. An yi gargaɗi, Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi taimako a watan Mayu, duniya ta yi kunnen uwar shegu, har sai da hotunan yaran Maraɗi suka fito a talabijin ɗin BBC a watan Yuli. Shugaba Mamadou Tandja kuwa ya musanta cewa ana yunwa. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, kuma Dakoro tana cikin garuruwan da ta buɗe cibiya. A wannan karo labari ya iso a kan kari. Gaskata shi ne ya makara.

Daga cikin abin da ya bunƙasa bayan wannan akwai kwamitocin ƙauye na gargaɗin farko da agajin gaggawa, waɗanda takardun hukuma suke kira SCAP/RU. Mutanen gari ne suke zaɓen wasu daga cikinsu su riƙa lura da abinci, da lafiyar mutane da ta dabbobi, da kiwo, da zaman manoma da makiyaya, su auna ko lamari lafiya yake ko ya fara tsanani, su kai rahoto ga ƙaramar hukuma. A gundumar Dakoro, tsakanin 2010 da 2015, wani shiri na ƙungiyar CARE ya yi aiki da irin waɗannan kwamitoci a ƙananan hukumomin Azagor, Bader Gula, Rumbu da Soli Tagris. An kafa ma'aunin ruwan sama a ƙauyuka. Da an ɗauke ruwa, ɗan sa kai ya je ya duba milimita nawa ya zuba, ya rubuta a littafi, ya buga salula ya faɗa, rediyo ta watsa. Manomi ya ji ko ruwan ya isa shuka ko kuwa yayyafi ne mai cinye iri. Makiyayin da ke Tarka ya ji inda ciyawa za ta riga fitowa. Wannan ɗan sa kai jikan malamin lakwal mai rakoda ne, ko da bai taɓa jin labarinsa ba. Bambancin kawai, saƙon da a da yake kwana da kwanaki a hanya yanzu kafin la'asar ya kewaya gunduma.

Salula ta sa wasu suna ganin kwanan rediyo ya ƙare. Su tuna da watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki bayan juyin mulki, da ambaliyar 2024 da ta rushe dubban gidaje a jihar Maraɗi. Salula tana dogara da turken sadarwa, turke yana dogara da lantarki ko gazuwal, kuma a arewacin Tarka akwai wuraren da makiyayi sai ya hau tudun rairayi yana ɗaga waya sama kafin ya samu layi. Ƙaramar rediyon da ke rataye a sirdin raƙuminsa kuwa batir biyu take ci.